SIGARIN LANTARKI: ZUMA CE MAI HARBI A BAKI

A 'yan shekarun nan wani sabon yayi ya shigo biranen ƙasar nan, ya kuwa sami karɓuwa wajen samari da 'yan mata, tun daga Legas da Ibadan da Fatakwal har zuwa Abuja da Kaduna da Kano. Wannan yayi shi ne zuƙar sigarin lantarki, wadda Turawa ke kira vape. Wata 'yar na'ura ce mai batir, wata kamar alƙalami, wata kamar gidan ashana, wadda yaro zai iya sa ta a aljihu ya zauna gaban mahaifinsa ba tare da an gane abin da yake ɗauke da shi ba. In ya zuƙa, abin da ke fitowa daga bakinsa farin tururi ne mai ƙanshin mangwaro ko kankana ko na'a-na'a. Masu tallarta suna cewa ai wannan ba taba ba ce, tun da babu ganye, babu wuta, babu toka. An sha yin magana a kan abin da take yi wa huhu da zuciya, amma ba kasafai ake tunawa ba cewa kafin tururin ya kai huhu sai ya bi ta baki, kuma haƙori da dasashi su ne ke fara tarbar baƙon.

Asalin wannan na'ura daga ƙasar Sin ne. Wani mai haɗa magunguna, Hon Lik, shi ya ƙago ta a shekarar 2003, da niyyar sama wa masu shan taba, har da shi kansa, hanyar rabuwa da ita. Yadda take aiki ba wuya: batir ya ɗumama wata 'yar waya, wayar ta dafa wani ruwa mai kauri, ruwan ya zama tururi, mutum ya zuƙa. A cikin ruwan nan akwai gilisarin da wani sinadari ɗan'uwansa da ake kira furofilin gilaikol, da kayan ƙanshi da na zaƙi, sa'an nan a yawancinsu akwai nikotin, watau sinadarin nan da ke sa mashayin taba ya kasa barinta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da abin da yake yi wa baki.

A fara da miyau. Mutane sun raina miyau, alhali kuwa shi ne mai gadin haƙori dare da rana. Lafiyayyen mutum yakan yi miyau tsakanin rabin lita da lita ɗaya da rabi a yini. Shi ke wanke sauran abinci, shi ke kashe kaifin tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa bayan sun ci sukari, shi ne kuma ke mayar wa haƙori da ma'adinan da tsamin ya zaizaye. To, gilisarin da furofilin gilaikol dukansu masu jan ruwa ne, duk inda suka sauka sai su tsotse laimar wurin. Wannan ne ya sa bushewar baki da maƙogwaro take cikin abubuwan da masu zuƙar sigarin lantarki suka fi kuka da su. In baki ya bushe, tsami ya sami wurin zama, ya shiga cin farin ɓawon nan da ke lulluɓe da haƙori. Ɓawon nan shi ya fi kome ƙarfi a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi, amma in ya cinye ya cinye ke nan, ba ya sake tohowa. Sa'an nan sau da yawa wanda bakinsa ya bushe ba ruwa yake nema ba, lemon kwalba yake saye, watau ya ƙara wa wuta fetur. Ga kuma warin baki, wanda busasshen baki ba ya rabuwa da shi, kome ƙanshin tururin da aka hura masa.

Bayan bushewa sai danƙo. Tururin nan ba kamar na tukunyar ruwan zafi yake ba, yana da yauƙi, yana manne wa haƙori yadda alewa ke yi. A shekarar 2018 masu bincike na gidauniyar Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka sun gwada shi a ɗakin gwaji, suka hura shi a kan ɓawon haƙori. Sun ga ƙwayar cutar da ke haddasa kogon haƙori ta ninka mannewa har sau 4, sun kuma ga wasu kayan ƙanshin sun rage taurin ɓawon da kashi 27 cikin ɗari. A shekarar 2022 kuma likitocin Jami'ar Tufts, a can Amurka ɗin, sun duba takardun mutane fiye da 13,000 da suka je asibitinsu na haƙori daga 2019 zuwa 2022. Daga cikin masu zuƙar sigarin lantarki, kashi 79 cikin ɗari an sa su a rukunin waɗanda ke cikin babban haɗarin ruɓewar haƙori, su kuwa waɗanda ba sa zuƙa kusan kashi 60 ne. Masu binciken da kansu sun ce aikin nasu na share fage ne, amma dai ruwa ba ya tsami banza.

Inda gizo ke saƙa shi ne dasashi. Ciwon dasashi yakan soma ne da datti mai ƙwayoyin cuta da ke taruwa a gindin haƙori. Dasashi ya kumbura, ya yi ja, in an goge baki ya yi jini. Jinin nan gargaɗi ne, kamar haushin kare ne da tsakar dare. Wanda ya ji gargaɗin ya gyara tsabtar bakinsa, ya je aka kankare masa dattin, dasashinsa yana komawa garau kamar ba a yi ba. Wanda bai ji ba, ciwon sai ya nutsa ƙasa, ya raba dasashi da haƙori, ya kai ga ƙashin muƙamuƙi da ke riƙe da saiwar haƙorin ya dinga cinsa a hankali. Yawanci babu zafi. Sai wata rana mutum ya ji haƙorinsa na girgiɗi, a lokacin kuwa ƙashin da ya tafi ba ya dawowa.

Likitocin haƙori sun daɗe da sanin cewa dasashin mai shan taba ba ya saurin yin jini, ko da ciwo ya ci ƙarfinsa. Nikotin yana tsuke ƙananan hanyoyin jini, saboda haka jinin da ke kai wa dasashi abinci da mayaƙan jiki sai ya ragu, rauni ya daɗe bai warke ba, alamar ciwo kuma ta ɓuya. Wannan nikotin ɗin shi ne a cikin sigarin lantarki, wani lokaci ma da yawa ƙwarai. Kamfanin Juul na Amurka da bakinsa ya ce nikotin da ke cikin ɗan ƙaramin mazubinsa guda ya kai na kwalin sigari mai kara 20. Kuma karan sigari yana ƙarewa a jefar da guntun, ita kuwa wannan ba ta da lokacin ƙarewa, tana aljihu, ana zuƙa a mota, a ɗaki, a kan gado, tun safe har barci. Ke nan ɓarawo ne wanda ya fara ɗaure bakin kare kafin ya haura katanga.

A shekarar 2020 masu bincike na Jami'ar Jihar Ohio sun ɗebi dattin da ke ƙarƙashin dasashin mutane 123 waɗanda a ido bakinsu lafiya lau yake. Suka tarar ƙwayoyin da ke zaune a bakin masu zuƙar sigarin lantarki sun sauya, sun yi kama da na masu fama da ciwon dasashi mai tsanani. Gwajin nasu ya nuna cewa ruwan da ake dafawar shi kansa yana kawo wannan sauyi, ko da babu nikotin a ciki. Saboda haka wanda yake taƙama da cewa tasa ba ta da nikotin, shi ma bai tsira ba.

Akwai kuma haɗarin na'urar ita kanta. A shekarar 2019 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta buga labarin wani yaro ɗan shekara 17 da sigarin lantarki ta fashe masa a baki, ta karya masa muƙamuƙi, ya yi asarar haƙora. Irin wannan ba kullum yake faruwa ba, amma ya isa abin tunani a ƙasar da kayan jabu da batura marasa inganci suka cika kasuwa.

Masu kare wannan sana'a suna da hujjarsu, kuma adalci ne a saurare ta. Sun ce sigarin lantarki ba ta ƙona ganye, saboda haka babu kwalta da yawancin dafin da ke cikin hayaƙin taba. Hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ma a shekarar 2015 ta ce illarta ba ta kai ta taba ba da nisa, har yanzu kuma likitocin can suna amfani da ita wajen taimaka wa manya su bar sigari. Wannan gaskiya ne. Dattijon da ya shekara 30 yana shan kwali guda a rana, in ya koma mata gaba ɗaya ya bar taba, ya rage wa kansa cuta. Amma wannan hujja ta mashayi ce, ba ta yaron sakandare ba wanda bai taɓa sa kara a baki ba. Shi ba daga taba ya sauko ba, daga lafiya ya faɗo. Kuma wanda ya haɗa biyun, sigari a waje, na'ura a ɗaki, bai rabu da kome ba, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago. Ita Ingilar da ake kafa hujja da ita ta hana sayar da irin wadda ake zuƙa a jefar tun daga ranar 1 ga Yuni, 2025, saboda yadda yara suka rungume ta da kuma sharar da take tarawa. Indiya kuwa tun 2019 ta haramta ta ɗungum.

In ƙasashen da likitan haƙori ke kusa da kowa sun tashi tsaye, ina ga Nijeriya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma kusan biliyan 1 daga cikinsu ciwon dasashi mai tsanani ne. A nan ƙasar likitocin haƙori ba su da yawa, waɗanda ake da su kuma sun taru a manyan birane. Talaka ba ya zuwa wurinsu sai ciwo ya hana shi barci, a lokacin kuwa yawanci babu abin da ya rage sai cirewa. Haƙorin roba da dashen haƙori kuɗinsu ya fi ƙarfin mai facin taya a Agege ko mai sayar da albasa a Mile 12. Wanda ya yi giɓi yana ɗan shekara 30, da shi zai ci tuwo har tsufansa.

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga ƙasashe su ɗauki mataki, ta ce a lokacin ƙasashe 34 sun hana sayar da sigarin lantarki, 74 kuwa ba su da wata doka a kanta ko kaɗan, ta kuma ce akwai ƙanshi iri-iri aƙalla 16,000 a kasuwa. Ai kowa ya san ba don tsohon mashayi aka yi ƙanshin alewa da cingam ba. Nijeriya tana da Dokar Taba ta 2015 da ƙa'idojinta na 2019, waɗanda suka hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Sai dai a lokacin da aka tsara dokar hankali yana kan tabar ganye ne. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Majalisar Dokoki ta Ƙasa su sa sigarin lantarki a cikinta ɓaro-ɓaro yadda ba mai samun kafar zillewa: a hana sayar wa yara a kanti da ta intanet, a ƙayyade yawan nikotin kamar yadda ƙasashen Tarayyar Turai suka tsayar da shi a miligiram 20 cikin kowace mililita, a hana ƙanshin da ke jan yara, a kuma buga gargaɗi a jikin kwalin. Hukumar Kwastan da NAFDAC su ma su san abin da ke shigowa ta tashoshin jiragen ruwa na Legas. Likitocin haƙori kuma su riƙa tambayar duk wanda ya zauna a kujerarsu ko yana zuƙa, domin da yawansu in an ce suna shan taba sai su ce a'a, kuma a ganinsu gaskiya suka faɗa.

Iyaye ma da nasu aikin. A da, wari ne ke tona asirin yaro mai shan taba, ga baƙin leɓe, ga tabo a yatsa. Yanzu duk babu waɗannan. Sai a lura da yawan ƙishirwa, da ƙanshin 'ya'yan itace a ɗakin da babu 'ya'yan itace, da baƙuwar na'ura da ake sa wa caji tare da waya. In an gani, nasiha ta fi duka, don wanda nikotin ya kama taimako yake bukata, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shi kuwa wanda ya riga ya saba, mafi alheri ya nemi hanyar bari, in ta kama da taimakon likita. Kafin nan ya yawaita shan ruwa a maimakon lemon kwalba, ya goge baki safe da dare da man goge baki mai fuloraid, ya riƙe asuwaki da rana, ya kuma kai bakinsa a duba aƙalla sau ɗaya a shekara ko da ba ya jin ciwon kome. Kada rashin jini ya ruɗe shi. Haƙoran manya 32 ne, kuma sau ɗaya ake ba mutum su. Kunne ya ji, jiki ya tsira.