Mutanen Sabo, Me Ya Raba Mu Da Lambun Agodi?

Wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Daga Sabo zuwa lambun Agodi ba wata tafiya ba ce, amma ranar da na kai yarana, ban ji ko mutum ɗaya yana Hausa ba. Sai 'yan makarantar Yarbawa, malaminsu na nuna musu tsuntsaye, yana bayanin yadda saiwar itace ke riƙe ƙasa lokacin damina. Ɗana ya tambaye ni sunan wata bishiya, na yi tsuru-tsuru.

In ka yi magana sai a ce ai mu baƙi ne a Ibadan. Baƙi? Tun 1916 aka kafa Sabo fa! An buɗe lambun a 1967, ambaliyar kogin Ogunpa ta lalata shi a 1980, kuma ruwa bai tambayi kowa yarensa ba. Da aka fara sare dajin gefensa a 2023 don gina gidaje, mutane sun yi zanga-zanga. Mu nawa muka fita?

Malaman Islamiyya, don Allah ku riƙa kai yara ko sau ɗaya a shekara. Duba halittar Allah ma karatu ne.