Icen girki: kada mu dogara da na ƙetare

A Ƙonni da Malbaza da Illela, icen girki ya zama abin saye kamar hatsi. Wani ma daga Nijeriya yake shigowa, shi da gawayi. Amma an rufe iyaka a 2019, an sake rufe ta a 2023. Idan hanya ta toshe, da me uwargida za ta dafa tuwo? Sai kara da kashin shanu, alhali gona na bukatar su.

A ganinmu, gara mu yi rainon namu itatuwan. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska, daga baya rassansu suka shiga murhu. Lokacin sassabe, mu bar toho biyu ko uku a kowane kututturen sabara da kalgo.