A Auna Ɗaki Kafin A Kwantar Da Maraya

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal da ya taɓa hawa mota zuwa gida ta hanyar Lokoja ya san Zuba, inda hanya ta rabu biyu, ɗaya ta miƙe Kaduna, ɗaya ta karya zuwa cikin Abuja. Wanda ya bi ta biyun, da ya wuce Dei-Dei, babban garin da zai tarar shi ne Kubwa, a cikin Ƙaramar Hukumar Bwari. A wannan gari, kamar sauran garuruwan da ke kewaye da Birnin Tarayya, akwai gidajen renon marayu da yara marasa galihu, waɗansu na ƙungiyoyin addini, waɗansu na mutane masu zaman kansu. Irin waɗannan gidaje ne 'yan kasuwa da direbobi da 'yan ƙwadago mazauna Kurmi sukan aika wa sadaka lokacin azumi da Salla, kuma a irinsu ne wani lokaci akan ajiye 'ya'yan wanda ya rasu a baƙon wuri, dangi suka rasa yadda za su yi. Saboda haka maganar ginin da yaran nan ke kwana a ciki ta shafi aljihunsu, ta kuma shafi jininsu.

Tarihin garin shi ne tushen damuwar. Bayan da Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar ƙirƙiro Birnin Tarayya a watan Fabrairu na 1976, an tsara Kubwa ne don sake tsugunar da Gbagyi da aka tasa daga ƙauyukansu na tsakiyar birni. Da aka ƙaura da mazaunin Gwamnati daga Ikko ran 12 ga Disamba, 1991, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo, waɗanda kuɗin hayar Garki da Wuse ya fi ƙarfinsu suka yi ta tarewa a Kubwa. Gine-gine suka tashi cikin gaggawa, tun daga tsohon ƙauyen har Gbazango da Byazhin, waɗansu da izinin Hukuma, waɗansu babu. Mafi yawansu gidaje ne da aka tsara wa iyali ɗaya, miji da mata da 'ya'ya huɗu ko biyar, da makewayi ɗaya ko biyu da ramin sokawe daidai bukatarsu. In aka kafa allo a ƙofar irin wannan gida aka zuba yara arba'in, ginin bai sauya ba, nauyin da ke kansa ne ya ninka sau shida ko bakwai.

Babu mai musun cewa akasarin masu buɗe gidajen marayu da kyakkyawar niyya suke yi, kuma suna ɗauke da nauyin da Hukuma da dangi suka sauke. Amma niyya ba ta riƙe bango, ba ta kuma kashe gobara. Mazauna Ikko ba su manta da ranar 13 ga Maris, 2019 ba, sa'ad da wani bene ya rufta a Ita-Faji, a tsibirin Ikko, alhali da makarantar yara a samansa, mutum 20 suka rasu. Ran 12 ga Yuli, 2024, ginin wata makaranta ya rushe a Jos ana cikin karatu, aka rasa rai 22. A watan Fabrairu na 2025 gobara ta tashi cikin dare a wata makarantar allo a Ƙaura Namoda ta Jihar Zamfara, almajirai 17 suka riga mu gidan gaskiya suna barci. Kubwa ita ma ta ɗanɗana: gobarar kananzir ta ci rayuka a kasuwar ƙauyen a watan Nuwamba na 2021, sannan a watan Agusta na 2022 wani bene da ake aikinsa ya rushe cikin dare ya danne mutane. Waɗannan wurare ba gidajen marayu ba ne, amma da bulo ɗaya da rodi ɗaya da magina ɗaya ake yin duka. A ƙasar Haiti kuwa, a watan Fabrairu na 2020, gidan marayu ne kansa ya kama da wuta, yara 15 suka halaka, daga baya ta bayyana cewa gidan ba shi da lasisi, kuma da kyandir ake haska ɗakunan.

Doka dai akwai ta. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 tana aiki kai tsaye a Birnin Tarayya, ta ɗauki duk wanda bai cika shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma wajabta yin rajistar gidajen da ake renon yara tare da ba Hukuma ikon shiga ta duba su. Akwai Ƙa'idojin Gini na Ƙasa da aka fito da su a 2006. Akwai sashen da ke ba da izinin gini a Abuja, wanda sai da amincewarsa ake mayar da gidan zama wurin wata hidima. Akwai hukumar tsabtace muhallin birnin, da 'yan kwana-kwana, da duba-gari na Ƙaramar Hukuma. Abin takaici shi ne kowane ofishi da nasa fayil, mai ba da rajista yana duba takardun ƙungiya, mai izinin gini yana duba taswira, da wuya a samu wanda zai tsaya a ƙofar ɗakin kwana da magwaji a hannu ya ƙirga kawunan da ke ciki. A farkon 2024 sai da aka gano yara 23 da aka kwaso daga Jihar Filato kafin Hukumar Birnin ta rufe wani gidan marayu a Karonmajigi. In har yara 23 za su shiga gida ba a sani ba, to, tsagewar bango da cikar masai ba su da mai gani.

Ma'aunin da ake bukata ba boyayye ba ne, kuma ba ya bukatar digiri. Ƙungiyoyin agaji na duniya sun daɗe da amincewa cewa ko a sansanin 'yan gudun hijira, mafi ƙarancin wurin zama mai rufi da ya kamata mutum ɗaya ya samu shi ne murabba'in mita uku da rabi, ban da madafa da makewayi. Ɗakin da magina suka saba yi, mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, bai wuce murabba'in mita 13 da 'yan kai ba, watau ko yara huɗu bai cika ɗauka ba bisa wannan ma'auni na lokacin masifa. Wanda ya jera gadaje masu hawa biyu ya kwantar da yara goma sha biyu a irin wannan ɗaki ya ba maraya kashi ɗaya cikin uku na abin da ake ba ɗan gudun hijira. Cunkoso kuwa shi ne gonar cuta. Ƙyanda da sanƙarau da tarin fuka ta numfashi suke yaɗuwa, ƙazuwa da makero ta tabarma da bargo. Cutar mashaƙo da ta addabi Kano da maƙwabtanta a 2023 ta ɓulla har Dei-Dei, a bakin Kubwa, inda ta kashe wani ƙaramin yaro a wannan shekara. Ɗaki mai taga ɗaya da yara goma sha biyu, in cutar ta shiga, sai dai abin da Allah ya tsare.

Haka batun ruwa da bayan gida yake. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2009 don makarantu, ta ƙayyade lita 20 a yini ga kowane ɗan makarantar kwana, ban da ruwan kora masai. Gida mai yara 40 yana bukatar lita 800 ke nan kullum, watau jarka 32 masu cin lita 25, ko famfo ya kawo ko bai kawo ba. Kubwa tana gindin Madatsar Ruwa ta Usuma wadda ke shayar da Abuja, duk da haka akwai unguwannin da suka dogara da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa. Ma'aunin agaji ya ce kada masai ɗaya ya wuce mutum 20, na maza daban, na mata daban, kuma ramin ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30. Ga fulotin da aka saba yankawa, mai ƙafa 50 faɗi da 100 tsawo, duk tsawonsa mita 30 ne. Ke nan rijiya da sokawe a fuloti ɗaya ba su da inda za su guje wa juna, ga kuma sokawen maƙwabci a bayan katanga. Da damina, in Kogin Usuma da rafukansa suka cika, lambatu ya toshe, ruwan ƙasa ya taso, abin da ke cikin rami yakan sadu da abin da ke cikin randa. Ta haka amai da gudawa ke shiga gida, kuma annobar 2021 ta nuna cewa Abuja ba ta fi ƙarfinta ba.

Gobara ita ce ta fi saurin kisa, ita ce kuma ta fi arhar rigakafi. Tsoron ɓarayi ya sa kowace taga a garin tana da ƙarfe a kafe, kowace ƙofa da kwaɗo, wani lokaci ma a kulle yara ta waje don kada su fita da dare. Gidan da yara ke kwana lalle ne kowane ɗakin barcinsa ya kasance da mafita biyu, ƙarfen taga ɗaya aƙalla ya zama mai buɗewa daga ciki, babba guda ya kwana kusa da su da makulli a hannu. Jarirai da guragu a ƙasa za su kwana, ba a bene ba. Tukunyar gas da janareto da jarkar fetur su yi nesa da ɗakin barci, wayar lantarki ƙwararre ya ja ta, a kuma ajiye abin kashe wuta da bokitin yashi inda kowa ya sani. Yaran da kansu a riƙa gwada musu hanyar fita har ta zauna musu, domin hayaƙi ba ya ba da lokacin tambaya.

Ya kamata Hukumar Birnin Tarayya ta haɗa waɗannan sharuɗɗa a takarda ɗaya, cikin lambobin da kowa zai iya ƙirgawa, ta fassara ta da Hausa da sauran harsuna. Kafin a ba da lasisi ko a sabunta shi, injiniya da duba-gari da jami'in kashe gobara da jami'in jin daɗin jama'a su je tare, su sa hannu tare, domin in abu ya faru a san wanda za a tambaya. A rubuta yawan yaran da aka yarda gida ya ɗauka a jikin lasisin, a manna shi a ƙofa. Ziyarar bincike kuma ta zama ba sanarwa, wani lokaci bayan sallar isha, sa'ad da kowane yaro ke kan shimfiɗarsa, don ziyarar da aka sanar tun mako guda share-share da sabon fenti kawai take gani. Har ila yau, rufe gida ba tare da shirin inda za a kai yaran ba ƙara wa Barno dawaki ne a titi. Gidan da ke da gyara a ba shi wa'adi da taimako, a sauƙaƙa masa samun fili da ruwan famfo. Wanda ya ƙi gyara a kwashe yaran cikin mutunci, a gurfanar da mai shi.

Nauyin da ke kan 'yan Arewa mazauna Kudu ya kasu biyu. Na farko shi ne na zumunci. Ƙa'idojin renon yara da Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓa a 2009 sun fifita riƙon dangi a kan gidan reno, musamman ga yaron da bai kai shekara uku ba, kuma wannan ita ce al'adar ƙasar Hausa tun asali, inda ɗan wa da ɗan ƙani ke ci a akushi ɗaya. In mutum ya rasu a Agege ko Sabon Badun ko Anacha, ya dace Sarkin Hausawa da shugabannin ƙungiyarsa su fara neman baffa ko kawu ko gwaggo da za ta riƙe yaran, a tallafa mata da kuɗin wata. In babu makawa sai gidan marayu, to, a kai yaro da rubutu da shaidu, a riƙe kwafin takarda, a kuma sa wanda zai riƙa leƙa shi.

Na biyu shi ne na sadaka. Gani ya kori ji. Kafin ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta direbobi ta tura kuɗi, ta wakilta mutum biyu daga cikin masu zuwa gida su ratse Kubwa, tafiyar da ba ta da nisa daga Zuba. Su nemi ganin lasisi, su wuce falon baƙi su shiga ɗakin kwana, su ƙirga gadaje, su leƙa makewayi, su tambayi inda ake ɗebo ruwan sha, su taɓa ƙarfen taga su ji ko yana buɗewa. Mai gidan da ke da gaskiya ba zai ji haushin haka ba. Buhun shinkafa da katan na taliya suna da lada, amma mako biyu sun ƙare, su ne kuma kowa ke kawowa. Kuɗin nan, in an haɗa na mutum goma, zai gina masai biyu, ko ya sayi tankin ruwa, ko ya biya mai gyaran waya, ko ya huda ƙofa ta biyu a bangon ɗakin barci. Sallar bana, mai niyyar taimakon maraya ya tafi da magwaji tare da buhun.