Kirsimeti a Galmi, nesa da kaka



Ƙanwata da ke aure a Galmi, garin albasa a jihar Tawa ta Nijar, ta ba ni labarin maƙwabtanta. 'Yan mishan ne daga Kanada, maigidan yana aiki a asibitin da ƙungiyar SIM ta buɗe a garin tun 1950. Da watan Disamba ya kama, sai autarsu ta tayar da rigima: ita dai a mayar da ita wurin kakarta, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙofar gida. A Galmi kuwa sai hazo da ƙurar hunturu.

Uwar ba ta tsawata mata ba. Ta samo reshen darbejiya, suka ƙawata shi da takardu masu launi, ta gasa irin kek ɗin da mahaifiyarta ke yi. Ranar 25 ga wata, da suka dawo daga coci, ta ɗora wa yarinyar kwanuka ta kai gida-gida, kamar yadda ake aiko musu da nama ranar Babbar Sallah. Babu kwanon da ya dawo haka nan: wani da dabino, wani da ƙwan zabi. Har dare yarinyar tana lissafa gidajen da ta shiga.

Da yawa cikinmu aure ko aiki ya kai mu Legas, Kumasi ko Jidda. Idan Sallah ta riske ki nesa da dangi, me kike yi wa yara don kada kewar gida ta cinye musu ranar? Ku ba mu labari a ƙasa.