Saniya Na Da Likita, Ɗan Mai Saniya Fa?

Jama'a, duk mai shiga tashar motar Agbalepedo a nan Lome, inda motocin Kara da Dapaong ke sauke fasinja, ya san samarin da nake nufi. Wasu shanu suka rako kasuwar Adetikope suka maƙale, wasu kuwa tashin hankalin da ya ɓarke a arewacin Togo tun 2021 ne ya raba su da garke. Yaron da ya tashi da sanda a kafaɗa, yau ba saniya, ba sana'a, ba dangi a kusa. Sai ka ga ya daina barci, ya daina magana, ya koma shan tiramol don ya iya dako ko acaba.

Mu kuwa me muke cewa? Wai ya yi gamo, ko an yi masa sammu. In abin ya yi tsanani a sa masa mari a kulle a ɗaki. Alhali da a ce saniya ce ta ƙi kiwo kwana biyu, da tuni an nemo malamin dabbobi, an biya kuɗin allura ba ciniki. Kunya da haƙurin da muke yabon yaranmu da su, su ne ke hana su faɗin abin da ke cin su.

Ban ce a bar addu'a ba. A yi ta, a kuma haɗa da asibiti, domin ciwon damuwa ciwo ne mai magani. Akwai asibitin masu taɓin hankali na Zebe a Aneho, tafiyar kilomita 45 ko kusa da haka. A cikin Lome akwai sashen wannan ciwo a CHU Campus, ga kuma cibiyar Saint Jean de Dieu a Agoe.

Gaskiya likitocin sun yi kaɗan: a 2023 an ruwaito biyar ne ga mutum sama da miliyan 8. Shi ya sa gidauniyar Bluemind ta koya wa masu gyaran gashi na Lome yadda za su gane mace mai damuwa su nuna mata hanyar asibiti. To, samarinmu ba sa zuwa kitso. Wurin wanzami suke zama, da teburin mai shayi, da zauren maigidan da ya sauke su. Ya kamata sarakunan zango da shugabannin dillalai su nemi a ba waɗannan irin wannan horo, a kuma ware wani abu daga la'ada don kuɗin motar kai yaro Aneho.