Kulli Mai Sarƙaƙiya, Zare-Zare Ake Warware Shi

Ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar manoman fadamar Haɗeja, sai bashi da yunwa da kuɗin makaranta suka taru a kan magidanci guda. Kuskure ne ya tunkare su gaba ɗaya. Wajibi ne ya rarrabe su. Sakin ruwan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 ba ya hannunsa. Amma gayya na sare kacalar da ke toshe hanyoyin ruwa, noman rani kuma na rage asara. Haka ɗalibin da damuwa ta dabaibaye: ya ware abin da ke hannunsa, ya fara da ƙarami, ya nemi shawarar manya. Sannu ba ta hana zuwa.