HIRAR TSAKAR GIDA: Hannun Da Ya Ɗinka Hular Maigida

 A wannan wata da laifin kaina zan fara, gama ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani.

Ana sauran 'yan kwanaki Kirsimati na tashi daga Sabon Gari na shiga Kasuwar Kurmi domin in saya wa maigida hula. Na ga wata mai kyau, ɗinkin hannu, zaren ya kwanta sumul. Mai hula ya faɗi kuɗi, na taya, ya ce albarka. Sai na shiga kushe ta, na ce launin ya yi duhu, na ce bakin bai daidaita ba, alhali kuwa raina ya riga ya biya. Sau biyu ina yin kamar zan tafi. Daga bisani ya sallama, na fito ina cewa a raina yau kam na iya ciniki.

Daga Kurmi zuwa Yakasai ba nisa, saboda haka na ce bari in biya in gai da wata ƙawata Musulma wadda muka yi makaranta tare. Na bi lunguna, na yi sallama a soro, na shiga. Na iske ta da wata maƙwabciyarta wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu, tana zaune bisa tabarma a bakin ƙofar ɗaki inda haske ya fi yawa, tana ɗinkin hula. Bayan gaisuwa na fito da tawa ina nuna musu, ina ba da labarin yadda na ƙure mai hula. Matar ta karɓa, ta juya ta, ta duba bayan ɗinkin, ta ce, "Yaya, wannan ta ci mako uku a hannun mai ita." Na ce, "To, ku nawa akan ba ku?" Da ta faɗa sai jikina ya yi sanyi, domin abin da na sa aka rage mini ya kusa kai ladan ɗinkin hular duka. Ta ƙara da cewa tana da huluna biyu a wurin mai ba ta aiki tun kafin Babbar Salla, an ce sai an sayar za a biya ta.

Kafin hula ta hau kan mutum takan bi hannu da yawa. Akwai mai sayen yadi da zare, akwai mai zane, akwai mai ɗinki, akwai mai haɗi, akwai mai wanki da guga, sa'an nan dillali da mai rumfa. Kowa a cikinsu yana iya cewa albarka in kuɗin bai yi masa ba, sai ita mai ɗinkin, wadda take cikin gida, ba ta ganin mai saye, ba ta kuma san nawa aka sayar ba. In mai saye ya matsa wa mai rumfa, shi ma sai ya matsa wa na ƙasa da shi, har matsin ya sauka a kan wadda ba ta da wanda za ta matsa wa. Haka yake ga matan da ke ɗaurin yadi a gida kafin a kai marinar Ƙofar Mata, da masu saƙar faifai da tabarma a ƙauyuka.

Da na koma gida na buɗe Littafi Mai Tsarki, na sami kaina a Karin Magana 20:14, inda aka kwatanta mai saye da ke kushe kaya a gaban mai shi, ya koma gefe yana fariya. Littafin Firistoci 19:13 da Maimaitawar Shari'a 24:14-15 sun hana ladan ma'aikaci ya kwana a hannunmu. Yakubu 5:4 kuwa ya nuna ladan da aka danne yana da murya, Ubangiji kuma yana jin ta.

To, akwai waɗansu bayin Allah a duniya da suka ɗauki wannan magana ta zama aikinsu. Ana ce da aikin nasu cinikin adalci, asalinsa kuwa daga wata mace Kirista ce. A shekarar 1946 wata Ba'amurkiya mai suna Edna Ruth Byler, 'yar ikkilisiyar Menonayit, ta raka mijinta zuwa tsibirin Fotoriko. A can ta ga mata matalauta suna ɗinkin ado mai kyau ƙwarai, amma ba su da inda za su sayar. Ba ta ba su sadaka ta wuce ba. Ta sayi kayan da kuɗinta, ta kai gida a jihar Fensilbaniya, ta riƙa zuba su a bayan motarta tana kai wa maƙwabta da taron matan ikkilisiya, tana ba da labarin waɗanda suka ɗinka. Ashe dillaliya ce, sai dai mai tsoron Allah. Aikin ya girma har ya zama kantuna, waɗanda tun 1996 ake kira Ten Thousand Villages. A Ingila ma waɗansu Kiristoci suka kafa kamfanin Traidcraft a 1979 da irin wannan nufi. A 1989 masu wannan ciniki na ƙasashe da yawa suka haɗu cikin ƙungiya guda, wadda yanzu ake kira WFTO.

Me mutanen nan suke yi a wuninsu? Aikinsu ba na zaman ofis kaɗai ba ne. Sukan zauna da mai sana'a su lissafta kuɗin zare da yadi da kwanakin da aikin ya ci, kana a yanke farashi tare. Bisa ga ƙa'idar ƙungiyar, in mai aikin hannu ta nema, mai saye zai ba ta aƙalla rabin kuɗin tun kafin ta fara, ba da ruwa ba, domin kada ta ci bashin zare. Sukan duba kaya ɗaya ɗaya, in akwai gyara su faɗa da gaskiya, gama tausayi yakan sayar da kaya sau ɗaya, nagarta ce take dawo da mai saye. Sukan rubuta kome a littafi wanda kowa zai iya gani. Sukan kuma lura kada a hana yaro makaranta saboda aiki. Babban abu shi ne sukan dawo baɗi, ba su saya sau ɗaya su ɓace ba.

Kada wani ya ce wannan labarin ƙasashen nesa ne. A Birnin Zariya, cikin shekarun 1990, waɗansu mata masu ɗinkin hannu suka haɗa kai da taimakon wata malamar jami'a Ba'amurkiya, Elisha Renne, suka yi ƙungiya mai suna Queen Amina Embroidery, watau sun ɗauki sunan Sarauniya Amina. Suka ɗauko adon babbar riga irin na iyaye da kakanni suka sa a rigunan mata da waɗansu kayan gida, har aikinsu ya kai kasuwar masu sana'ar hannu ta garin Santa Fe a Amurka. Suna cikin gidajensu kamar matan Yakasai, allurar ita ce, zaren shi ne. Abin da ya sāke shi ne sun san nawa aka sayar.

Amma ba zan ɓoye muku ba, aikin yana da wuya. Kamfanin Traidcraft, bayan shekara arba'in da 'yan kai, ya durƙushe a farkon 2023 saboda tsadar kaya da ƙarancin ciniki. Wannan ya koya mini cewa matar nan ta Yakasai ba za ta zauna jiran jirgi daga Turai ba. Masu sa hularta suna nan Kano da Jos da Kaduna, waɗansunsu kuwa suna zaune a bencin sujada kowace Lahadi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ga abin da nake roƙon kowane gida. Na ɗaya, ciniki ba zunubi ba ne, amma in kayan aikin hannu ne, mu daina kushe abin da muka san yana da kyau. Na biyu, in mun ba mace aiki, ko ɗinki ne ko saƙa ko kitso, mu ba da kuɗin kayan aiki tun farko, mu cika sauran ran da muka karɓa. Kalmar nan "sai ƙarshen wata" ta sa yara da yawa sun kwana da yunwa. Na uku, ku matan zumunta, in za ku sayi fayafayai ko tabarmi ko hulunan biki da yawa, ku aiki mutum biyu su nemi masu yi, a yi farashi ido da ido. In dole sai ta hannun dillaliya, a ba ta la'adarta a fili, gama ita ma tana cin guminta, ba abokiyar gaba ba ce.

Na huɗu, kada mu tambayi addinin mai allura kafin mu yi mata adalci, kada kuma mu mai da cinikin ya zama tarko. A Ayyukan Manzanni sura 9, da Dokas ta rasu, gwauraye ba su kawo wa Bitrus dogon jawabi ba, riguna suka nuna masa waɗanda ta ɗinka. Maƙwabtanmu ma abin da hannunmu ya yi za su duba.

Bayan sabuwar shekara na koma Yakasai na ba matar nan aikin hula biyu, ta ɗana da ta surukina. Ita ta faɗi kuɗin, na ba ta rabi nan take. Ta ƙirga, ta dube ni, ta ce, "Yaya, ba ki taya ba." Na ce mata na riga na yi tayin a Kurmi, ya ishe ni.

Ubangiji ya ba mu ma'auni na gaskiya a kasuwa da cikin gida. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.